Abin da Na Jefa a Kwalaben Yaya

Da jiya tana dawowa in an kira ta, da abu ɗaya zan roƙa: a mayar da ni wata Laraba ta tsakiyar damina, tsakanin kiran azahar da sallamewa, in zaro hannuna daga aljihu babu komai a ciki. A ɗan wannan tsakanin na jefa ƙwayar kabayid biyar a cikin kwalaben yayana. Kabayid shi ne dutsen nan mai launin toka da mu masu walda muke jefawa a ruwa ya ba mu iskar hura wuta, wanda masu ayaba kuma suke nuna ɗanya da shi. Ni na jefa, shi aka laƙaba wa sunan. Ya ɗauke shi har kabari, ni kuwa ina biye da makararsa ana ce mini sannu da haƙuri.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni ne autansu. Ya rasu a gidansa na Makera bayan 'yar gajeriyar jinya. Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata masa makwanci, Ya sa haƙurin da ya yi da ni ya zame masa nauyi a mizani.

Aka zauna zaman makoki. Muna kan tabarma a ƙofar gida, wani dattijo da ke kusa da ni yana yi wa wani kwatance a waya.

"Ka ce wa mai keke ya kawo ka gidan Baba Mai Kabayid. Kowa ya sani."

Ya kashe wayar, ya juyo ya kama hannuna da nasa biyu. "Allah Ya jiƙan Malam. Mutum ne wanda ba ya ƙarya."

Da baki ɗaya ya faɗi duka biyun, bai ko haɗiye yawu a tsakani ba.

Tsofaffin abokan aikinsa na masaƙa suna gefe guda, sun sa farantin shinkafa a tsakiya. Ɗaya ya rage murya ya ce ai tun da aka rufe masaƙa kan marigayin ya ɗan taɓu. Na biyun ya ce a'a, lafiyarsa ƙalau, wayo ne, so ya yi ya yagi rabonsa a jikin gwamnati Allah bai nufa ba. "Kuma wa bai gwada ba?" in ji shi, yana suɗe yatsa. "Mu dai mun yafe masa." Suka shafa fatiha a kan haka. Sun yafe masa laifin da bai yi ba, mai laifin kuma yana zaune yana miƙa musu ruwan wanke hannu.

Tsohon kansilanmu ma ya zo, yanzu ya wuce kansila, motarsa ta toshe layi har masu ɗauko ruwa suka koma zagaye. Ya ja addu'a doguwa, ya ce shi ne ya fara tallafa wa binciken marigayi. Aka ce amin.

Mutum ɗaya ne bai ce komai a kan halin Yaya ba. Tsohon maƙwabcinsa ne, bakanike ɗan ƙabilar Ibo, wanda suka yi shekaru katanga ɗaya kafin gari ya rabu kowa ya nemi inda nasa suke, shi ya koma Narayi. Ya zo da sandarsa, ya tsaya gefe da hula a hannu har aka idar da sallar gawa, ya bi mu maƙabarta da ƙafa. A hanyar dawowa ya jero da ni.

"Oga, har yanzu kana walda?"

Na ce ido ya hana.

"To," in ji shi. "Amma hanci yana nan, ko?"

Bai jira amsa ba. Ya tari keke ya tafi.

Bari in faɗa muku wanda muka binne.

Shi ya ɗauko ni daga ƙauye ina saurayi, ya kai ni wurin mai walda a Kakuri, ya saya mini baƙin gilashi ya ce in na cire shi a bakin aiki zai mayar da ni gona. Shi kansa a sashen rini na wata masaƙa yake, yana taimaka wa masu gwajin launi. Yatsunsa ba su taɓa zama launi ɗaya ba. Karatunsa bai wuce sakandare ba, amma aljihun rigarsa ba ya rabuwa da ɗan littafi da fensir. Ya tsani kalmar "kusan". In ka ce masa kusan ƙarfe huɗu ne, sai ya ce, "Agogon ne ya lalace ko bakinka?" Abin da ya fi maimaitawa shi ne, "Abin da ka gani za ka rubuta, ba abin da kake so ka gani ba."

Akwai kwatar da ke fitar da ruwan rini daga masaƙar zuwa rafi, yau ja gobe shuɗi, wari kamar na mushe. Kowa toshe hanci yake ya wuce, shi sai ya tsuguna. A nan ya lura cewa inda ragowar wata farar hoda ta zube a bakin kwatar, irin wadda ake sawa a fenti da zanen atamfa, in rana ta buge wurin sai launin ruwan ya dusashe. A ƙarƙashin gada kuwa, inda inuwa take, launin yana nan daram. Ya kai maganar ga shugaban sashensu, aka ce masa an ɗauke shi wanke kwalabe ne ba kallon kwata ba.

Sojoji suka koma bariki, muka fita titi muna murna farar hula ta dawo, masaƙu za su farfaɗo. Sai ga su suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya kamar kajin da cuta ta shiga akurkinsu. Abokansa wasu suka koma acaɓa, wasu gadi. Shi ya dawo gida da rabin buhun farar hodar nan da za a zubar, da 'yan kwalaben gwaji a kwali.

'Yarsa ta fari ce ta buɗe masa sauran ƙofar. Ilimin sinadarai take karantawa a jami'a, in ta zo hutu sai ta kawo masa takardun da ta buga, su zauna da ƙamus suna tsinta layi-layi. A ciki ya ga cewa masana a ƙasashe da dama suna neman hanyar sa hasken rana ya raba ruwa, a sami iskar da ake kira haidurojin, wadda in ta kama wuta ba hayaƙi ba toka, ruwa take komawa. Ya kuma ga cewa farar hodarsa tana cikin abin da suke gwadawa, kuma in aka gasa takin yuriya a rufaffiyar tukunya yana barin wata hoda mai launin ɗorawa da ake haɗa su.

Ni na ƙera masa tukunyar. Yakan kai ta wurin masu zubin tukwane su sa masa a gefen murhu. Warin da take fitarwa kamar fitsarin da ya kwana ne, yana sa hawaye, har suka kore shi can ƙarshen rumfa. Mudun taki guda, abin da zai rage bai cika tafin hannu ba. Ya naɗe shi a takarda kamar mai ɗauke da zinariya.

Na taɓa tambayarsa me ya sa sai an haɗa biyu.

"Auta, farar nan tana da ƙarfi amma idonta ƙanƙane ne, ɗan kaɗan take gani a hasken rana. Ɗorawar tana ganin haske da yawa, amma abin da ta kama yana suɓuce mata tun bai yi aiki ba. In an haɗa su, ɗaya ta kama ta miƙa wa ɗaya. Mai zuga da mai bugu ke nan a maƙera."

"To ka zuba su a kwano ka juya mana."

"Kai mai walda ne kake faɗin haka? Ƙarfe biyu in ba su sha wuta sun kama juna ba, walda ce ko jingina? Tare zan gasa su."

A wani kango da ke jikin gidansa ya kafa aikin, a kan teburin ƙarfe mai ramuka biyar da na yi masa. Kwalba ta farko farar hoda kaɗai, ta biyu ɗorawa kaɗai, ta uku haɗin. Ta huɗu ma haɗin ce amma a lulluɓe da baƙin ƙyalle. Ta biyar babu hoda ko ƙwaya. Kowace da murfin roba da siririn tiyo irin na ƙarin ruwa a asibiti, yana bi ta cikin daro zuwa wata 'yar kwalba da aka kifa don tara iska. Yakan ɗiga musu sipirit na wanke rauni, ya ce yana taimaka wa hodar. Maƙwabcin nasa ya taɓa leƙo ta katanga ya ce in sipirit ya yi wuya zai samo masa giyar ogogoro mai kyau daga Sabon Tasha. Yaya ya ce, "Kwalaben gidan nan Musulmi ne, kada ka lalata mini su." Suka yi ta dariya.

Ta biyar ɗin ce ya fi ji da ita. "Wadda ba a sa wa komai ba ita ce alƙali," in ji shi. "In ita ma ta yi kumfa, to sauran duk ƙarya suke yi, zafi ne kawai ke korar iskar da ke cikin ruwa." Na ji wannan maganar ta fi sau ɗari. Ban taɓa sauraronta ba ko sau ɗaya.

Bakina ne ya fara jawo abin. Ina yi wa kansilan ƙofar gida, yaransa suna zaune suna ba'a cewa mutanen masaƙa sun ƙare, ba su iya komai ba sai jiran sallama. Raina ya ɓaci. Na ce yayana ɗan masaƙa ne, kuma yanzu haka yana fitar da gas daga ruwa da rana kawai. Kansila ya ajiye kofinsa. Zaɓe ya matso, yana neman abin da zai nuna. Ya ce gas ɗin yana kamawa? Na ce har shayi ake dafawa. Ya ce ranar Laraba zai zo da mai kyamara.

Ban taɓa ganin Yaya ya fusata kamar ranar da na kai masa labarin ba.

"Wa ya aike ka?"

"Yaya, ɗaukaka na nemo maka."

"Shayi? Jiya tun safe har la'asar kumfa nawa na ƙirga a ta ukun, ka sani? Goma sha ɗaya. Kuma ban ma tabbatar da mece ce ba. Ka je ka ce masa ƙarya ka yi."

"In ce wa Honarabul na yi ƙarya? Da wane ido zan sake kallon mutanen Kakuri?"

"Da wanda kake kallona da shi yanzu."

Na ƙi zuwa. Da ya ga haka sai ya ce to su zo, zai nuna musu abin da ke akwai, ko da babu ne. 'Yarsa da ta ji, sai ta ga dama ta samu. Ta daɗe tana roƙon wata malamarsu, Dakta ce a fannin, ta zo ta ga aikin mahaifinta ko za ta karɓi hodar a auna ta da na'ura. Daktar ta yarda za ta zo ranar. A kan wannan haɗin ma 'yar take son yin aikinta na kammala karatu.

Laraba ta waye da hadari. Tun safe rana ba ta leƙo ba. Na je kangon da hantsi, kwalabe biyar suna tsaye shiru kamar ruwan randa. Yaya ko a jikinsa, ya rubuta a littafinsa cewa yau gajimare ne, babu komai. Ni kuwa har ina jin dariyar yaran kansila tun ba su zo ba.

Da aka kira azahar ya ɗauki buta ya ce mu je. Na ce ya yi gaba, zan tsare wurin kada awaki su shiga. Tun daga shago na zo da guntayen kabayid a aljihu, don haka kada wani ya ce Shaiɗan ne ya zuga ni a take. Na ƙulle kowane a 'yar leda, na huda da allura don ruwa ya riƙa shiga a hankali, dabarar da duk mai walda ya sani. Na buɗe ta uku na jefa. Sai na ga sauran huɗun, na ce a raina in ɗaya ta burge, biyar ai sun fi. Na jefa a ta farko da ta biyu. Na ɗaga baƙin ƙyalle na jefa. Na jefa wa alƙali.

Tare suka shigo, Yaya daga masallaci, kansila da jama'arsa, Dakta da 'yar Yaya a bayanta, maƙwabcin kuma ya zagayo da hannunsa duk baƙin mai. Daron yana ta ɓulɓula kamar an ɗora shi a wuta. Yaya ya tsaya cak a bakin ƙofa.

Wani yaron kansila ya zaro tiyo ɗaya ya ƙyasta ashana. Wuta ta tashi, ja-ja, da baƙin hayaƙi a kanta. Aka ɗau tafi da kabbara. Kansila ya matsa jikin wutar yana gyara hula. Ni ma na tafa, Allah Ya sani na tafa.

Dakta ba ta tafa ba. Ta ɗaga kai ta dubi sama, ta dubi wutar. Ta je ta ɗaga baƙin ƙyallen, ga kumfa tana tashi a cikin duhu. Ta nuna ta ƙarshe, wadda ruwanta ya fara yin fari kamar an ɗiga nono.

"Baba, wannan mene ne a cikinta?"

"Ba hoda a cikinta," in ji Yaya. Muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Amma tana tafasa."

"Na gani."

Sai maƙwabcin ya ja hanci, ya yi magana kamar mai tunani a fili, ba da mugunta ba. "Malam, wannan ai warin kabayid ne."

Duk wanda ya taɓa wucewa ta shagon walda ko rumfar masu ayaba ya san warin nan. Tafin ya mutu. Wani ya fashe da dariya, sauran suka bi. Kansila ya ja mai kyamara gefe, na ji da kunnena yana tambayarsa ko ya ɗauki wutar kafin a fara surutu. Mai kyamara ya ce ya ɗauka. Kansila ya ce to a yanke daga nan.

Dakta ta ce, "Baba, da kwalba biyar ka nuna mini babu kumfa ko ɗaya, wallahi da na tafi da hodarka. Wa ya sa wannan?"

Mai walda ɗaya ne a kangon nan. Yaya ya dubi hannuwana, bai dubi fuskata ba. Sannan ya juya gare ta.

"Kwalabena ne, Dakta. Abin da ke cikinsu nawa ne."

Na buɗe baki. Na rantse na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, tsufa ne." Kansila na faɗa wa haka, ina rakiyarsa zuwa mota.

Hoton wutar ya fito a jikin takardun yaƙin zaɓe, an manna har a katangar maƙabartar da muka kai Yaya. Sunan kuma ya fito daga bakin masu shayi, kafin damina ta ƙare ya zama kwatance. 'Yarsa ta kasa sake haɗa ido da malamarta, ta canza aikin kammalawarta zuwa wani abu da ba ta so. Yanzu tana koyarwa a wata sakandare a Gonin Gora. Hodar wata shida da Yaya ya tara kuwa ta cuɗe da ƙasar kabayid, sai zubarwa.

Bayan kwana bakwai ya zo shagona. Na ga tahowarsa na ji kamar in shige ƙarƙashin mota. Ya ce ƙafar teburin nan ɗaya tana rawa, in zo in kama masa. Na je na kama. Ya riƙe mini ƙarfen ina walda, ya kawar da kai daga hasken, da na gama ya ce, "Ka ci abinci?" Shi ke nan. Da ya mare ni a tsakiyar kasuwa da na fi samun sauƙi. Shekara da shekaru muna sallar Idi kafaɗa da kafaɗa, ya yanka wa 'ya'yana ragon suna, ya yi waliccin aurensu. Lokacin da hasken walda ya ƙone mini ido na kwana uku ban gani ba, shi ya riƙa jan hannuna zuwa asibiti, muna wucewa ana cewa sannu Baba Mai Kabayid, yana amsawa.

Bai daina aikin ba. Ya sa aka wanke kwalaben, ya sake gasa taki, daga baya ya ƙara wa haɗin wani ɗan ruwan jan ƙarfe. Sai dai ya sa wa kangon ƙofa da kwaɗo, kuma bai sake kiran kowa ba.

Sai wata bazara, ana tsananin zafi, ya aiko a kira ni da tsakar rana. Na same shi riƙe da 'yar siririyar kwalba a kife, ya toshe bakinta da babban yatsa. Ya ce tarin mako uku ne daga ta ukun, kuma alƙali bai ce uffan ba, ta cikin ƙyalle ma haka. Iskar ba ta wuce tsawon gaɓar yatsa ba. Ya ce in kunna tsinken tsintsiya in kawo. Ya janye yatsansa.

Fat. Ƙara ƙarama kamar an cire murfin kwalba. Ban ga wuta ba. Cikin gilashin ya yi ɗan gumi.

"Shinshina," in ji shi.

Na shinshina. Babu wari.

"Ba zai dafa ko ƙwai ba, Auta. Kuma ban san nawa ne na ruwa nawa ne na sipirit ba, sai mai na'ura. Amma ita ce." Ya goge kwalbar da gefen rigarsa. "Kai kaɗai na kira, don duk Makera babu wanda ya kai ka sanin bambancin."

Ƙofa ce ya buɗe mini, har ya riƙe mini ita. Na ce masha Allah. Na ce zafin bana ya yi yawa. Na ce bari in koma shago, na bar aiki a wuta. Wannan ne abin da in na tuna nake jin ƙyamar kaina fiye da ranar Laraba. Ranar Laraba tsoro ne na rabin sa'a. Wannan kuwa zaɓi ne na mai furfura.

Ranar addu'ar uku na sa aka kira mini 'yarsa zaure. Na fara kame-kame, ta katse ni.

"Baffa, na sani. Tun ranar na sani. Har da ledar na tsinta da nake wanke kwalaben, irin ƙullin da kake yi wa goro."

"Me ya hana ki magana?"

"Baba ne. Ya ce shi ya riga ya rasa masaƙa, ba abin da za a ƙwace masa kuma. Kai kuwa da amana kake ci, in aka ce kana ha'inci ba wanda zai sake ba ka ƙofar gidansa. Ya ce za ka faɗa da kanka in ka shirya." Ta gyara mayafinta. "Ya jira ka, Baffa. Ko a kan gadon jinya in an taɓa ƙofa sai ya juyo."

Na ce ta yafe mini.

"Ba ni za ka faɗa wa ba. A gaban mutane aka yi."

Na fita. Liman ya shafa addu'a, ana shirin raba waina, na miƙe na ce ina da magana. Na faɗa musu duka, da ledar da allurar da tafin da na yi. Na zaci za a tofa mini yawu, kuma na shirya.

Sai dattijon nan mai waya ya ce, "Haba Alhaji, mene ne na tone-tone? Abin da ya wuce ya wuce. Zafin rashi ne, zauna." Mai suɗe yatsa ya yi dariya ya ce ashe ƙanen ne gwanin. Wani ya ce Allah Ya rufa asiri, aka ce amin, faranti ya ci gaba da zagayawa. Ban gama zama ba na ji wani a bakin layi yana ɗaga murya a waya, yana cewa a'a, ba wannan kwanar ba, ta gaba, gidan Baba Mai Kabayid.

Ashe gaskiyar ma tana da lokacinta, in ya wuce ba mai saye. Rabin sa'a ta ishe ni in ɓata masa suna. Na zo gyarawa na tarar ba wanda ya damu ko na gaskiya ne ko na ƙarya, sunan dai ya yi musu daɗin faɗa.

Shi ya sa na rubuta, tun da takarda ba ta cewa a zauna. 'Yarsa ta kwashe littattafansa da sauran hodar ɗorawa, ta ce za ta nemi Daktar in tana nan, ta kai mata tare da wannan takardar. Ko hodar tana da amfani ko ba ta da shi, ni ban sani ba, ba ilimina ba ne. Abin da na sani, na ji ƙarar da kunnena, na shinshina da hancina, kuma hancin mai walda ba ya ɓata a kan kabayid. Yayana bai taɓa sa komai a kwalba ya ce wani abu ne daban ba.

Roƙona gare ku biyu ne. In kun zo Makera kuna neman gidan, ku ce gidan Malam mai rini, za a gane in kun dage. Sannan in Allah Ya haɗa ku da mai wani ɗan aiki da yake tafiya a hankali, kumfa goma sha ɗaya a wuni, ku bar masa abinsa yadda yake, kada ku taimake shi irin taimakona. In kuma hannunku ya riga ya jefa, to ku faɗa tun yana iya juyowa in an taɓa ƙofa.